Muryar da Ummuhani Ta Aro a Zurmi

A unguwar bayan tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura Namoda, in ka tambayi gidan Ummuhani za a ce maka wacce, domin sun kai uku. Amma ka ce Ummu Rediyo, ko makaho ya nuna maka ƙofar.

Mahaifinta leburan reluwe ne, Ƙaura kuwa nan layin dogo ya ƙare, duk wanda jirgi ya kwaso daga kudu nan yake juye shi. Tun tana tallan dafaffiyar gyaɗa a bakin tasha take komawa gida da muryoyin mutane: Bayarabiya mai goro, Buzu mai shayi, ɗan sandan nan da ke magana ta hanci. Duka mafi zafi da ta sha tana yarinya, ta sha shi ne ranar da ta laɓe bayan zana ta kira mahaifinta da muryar shugaban tasha. Tsohon ya zabura daga kan tabarma da lomar tuwo a hannu yana cewa, "Na'am, ranka shi daɗe!"

Ta gama firamare aka ɗaura mata aure da Lado mai facin taya, mutum mai barkwanci. Bai taɓa hana ta karatu ba. Sharaɗinsa ɗaya ne: kada ta kwaikwayi uwarsa sai yana gida, don kada a yi dariyar ban da shi.

Da littattafan soyayya na mata suka fara isowa daga Kano, ana ba da hayarsu a wani ɗan shago kusa da kasuwa, sai Ummu ta samu sana'ar da ba ta da suna. Yawancin matan unguwar allo suka yi, ba sa karanta boko. Da bazara, lokacin ɓarar gyaɗar iri, wadda ba a kai wa inji don kada ya fasa ƙwayar, sukan taru da hantsi a tsakar gidan Inna Kulsumu, kowace da ƙwaryarta. Ummu ba ta ɓara. Ita karatu take yi, su kuma su ɓare mata tata.

Inna Kulsumu tsohuwar ungozoma ce, rabin unguwar a hannunta suka faɗo, ba a yi mata ƙarya a kan mace.

"Tsaya nan, Rediyo. Kinka ce kwana da kwanaki tana kuka bisa gado?"

"Haka anka rubuta, Inna."

"To wa ya dahwa tuwon? Ɗiyanta iska sunka ci?"

"Tana da 'yan aiki."

"Ƙarya! Ko matar sarki ce sai ta tashi ta zagaya bayi. Ci gaba, mu ji wata ƙaryar."

Haka ake yi kullum. In yarinya ta haɗu da ɓataccen wanta a jirgin sama, Inna ta ce duk duniya an rasa kujera sai kusa da shi? In saurayi ya faɗi sumamme don an ƙi shi, ta ce a kawo mata shi ta ba shi dawa ya sussuka. Mata su yi ta dariya, labari ya mutu a hannun Ummu.

Abin ya riƙa cin ta, don ita ta san marubutan nan ba ƙarya tsantsa suke yi ba. Kewar da ke cikin littafin gaskiya ce, tsoron ma gaskiya ne, kayan da aka sa wa labarin ne ba na jikin matan Ƙaura ba. Sai ta fara sauya masa kaya. Idonta na kan takarda, bakinta na wani wuri. Kano ta koma Shinkafi, jirgin sama ya koma motar kasuwar Alhamis, falo mai sanyi ya koma gindin rumbu. Babban sirrin kuwa murya ce. Kowace mace a labari sai ta ara mata muryar wata mai rai da ta taɓa ji, da tarinta, da yadda take jan numfashi. Doka ɗaya ta kafa wa kanta: ba ta aron muryar 'yar Ƙaura, sai ta nesa, wadda ba wanda zai gane.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Zamfara, Ummu ta je suna Zurmi gidan 'yar uwar mijinta. Kusa da ita wata siririyar matashiya ta zauna, mai cindo a hannun hagu, muryarta da ɗan dishi-dishi. Duk maganar da za ta yi sai ta fara da, "Ni dai ban sani ba hwa," sannan ta faɗi abin da ta sani sarai. Ta ce daga Birnin Tsaba take, mijinta yana gadi a Ikko. Ummu ba ta ko tambayi sunanta ba. Ta dai dawo gida da muryar, ta adana.

Da bazarar ta zo, littafin da ta karɓo haya labarin matar wani attajiri ne da mijinta ya daɗe ƙasar waje, ta faɗa hannun direbansu har ta yi ciki. Tun shafin farko Inna Kulsumu ta watsar da shi.

"Mace mai firji biyu, mi take nema wurin direba? Rufe shi, Rediyo, yi muna wani."

Washegari Ummu ta buɗe littafin nan ta sake farawa. Matar attajiri ta zama matar mai gadi a Ikko, tana zaune Birnin Tsaba. Direba ya zama ɗan koli mai yawo da keke yana sayar da turare da allura. Ta ba ta cindo, ta ba ta dishi-dishin nan. Ta kuma ƙara wani abu daga kanta, wanda babu shi a takarda: mijin ya bar tsohuwar rigarsa rataye a ƙusa, matar ta ƙi wanke ta, in kewa ta ishe ta sai ta tusa fuskarta a ciki.

"Ni dai ban sani ba hwa," in ji Ummu da muryar da ba tata ba, "amma ko warin jikinshi ya hwara barin rigar ga."

Hannaye suka tsaya da ɓara. Har aka kai inda cikin ya bayyana ba wadda ta ce uffan. Inna Kulsumu ta share hanci da bakin zane ta ce, "Wagga kam na yarda da ita. Allah shi shirye ta." Ummu ta koma gida ranar tana jin kanta kamar an naɗa ta sarauta.

Cikin matan akwai dillaliya mai zuwa kasuwar Shinkafi. Labari ya hau mota tare da ita, ya bar littafin a Ƙaura.

Damina ta yi nisa, gero ya kai ƙugu, rannan Lado ya shigo gida da azahar, abin da ba ya yi. Bai yi tsokanar da ya saba ba. Ya zauna kan turmi, hannayensa baƙi ƙirin da man taya, ya ce wani mutum ya same shi wurin aiki, daga Birnin Tsaba.

"Akwai wani Malam Bawa can, mai karantarwa a zaure. Ɗiyarshi Sa'adiya tana da cindo, mijinta na gadi Ikko. Kuma tana da ciki, Ummu."

Muciyar da ke hannunta ta faɗi ƙasa.

Mijin Sa'adiya ya zo gida da ƙaramar Salla, ya yi 'yan kwanaki ya koma, kowa a garin ya gan shi. Amma da labari ya iso sai mutane suka fara ƙirga watanni da yatsu, kowa da nasa lissafin. Ɗan kolin da ke zuwa unguwar ya daina zuwa don tsoro, aka ce ka gani, ya gudu. Surukar Sa'adiya ta mayar da ita gidan ubanta, wai ta huta. Malam Bawa ya bi maganar baki-baki, daga mai fura zuwa mai kitso zuwa dillaliya, har ta tsaya a tsakar gidan Inna Kulsumu. Saƙonsa gajere ne: Ummu da mijinta su zo zaurensa ran Asabar, in ba haka ba ya kai ƙarar ƙazafi wurin alƙali.

Ba sai an yi wa kowa fassarar ƙazafi a shekarar nan ba. Wanda ya jefi mace da zina bai kawo shaidu huɗu ba, bulala tamanin ce a bainar jama'a.

"Tamanin, Ummu," in ji Lado, yana ƙoƙarin murmushi. "Ko taya ta sha tamanin sai ta yi magana."

Ummu ta taɓa wucewa ta bayan kasuwa ranar da aka yi wa wani mutum bulala. Ba ta gani ba, taron maza ya tare, amma ta ji, kuma ita abin da ta ji ba ya barin ta. Muryar mai ƙirgawa, a daƙile, ba sauri ba jinkiri. Ƙarar dorina. Wani ɗan siririn sauti da mutumin ke yi ta hanci don kada ya yi ihu. Kwanakin nan kafin Asabar, tana tsakiyar wanke-wanke sai ta ji bakinta yana ƙirgawa da muryar mutumin nan, ta toshe shi da tafin hannu. Ta riƙa tunanin wane zane za ta ɗaura, ko za a bar mata hijabinta, ko 'ya'yanta za su ji daga makaranta.

Inna Kulsumu ta dogaro sanda ta zo. "Ni na ce ki gyara labari, ban ce ki sa mai cindo ba. Duk yatsun duniya ba su ishe ki ba sai da kinka ƙara na shida?" Sai kuma muryarta ta karye. "Tahi da littahin, ɗiyata. Shi ne shaidarki. Su gani da idonsu tatsuniya ce."

Ran Asabar suka hau motar Zurmi, Lado a gaba cikin maza, ita a baya cikin mata, littafin a ƙunshe cikin hijabi ya jiƙe da zufar hannunta. Daga Zurmi suka samu wata zuwa Birnin Tsaba. Ko da suka sauka ta ga kamar duk garin ya san ko ita wace ce.

Malam Bawa dattijo ne ɗan ƙanƙani, yana zaune kan buzu. Bai ɗaga murya ba, wannan ya fi tsorata ta. Ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe shi, Lado ya miƙa littafin da hannu biyu.

"Allah gahwarta Malam, ga inda maganar ta hito. Ƙagaggen labari ne, wata mata ta rubuta a Kano."

Malam ya juya littafin, ya dubi hoton bangon, ya ajiye shi nesa da buzunsa.

"Baiwar Allah, ni ban iya boko ba, ke zan tambaya, kuma Allah na jin ki. Cikin wanga littahi akwai Birnin Tsaba?"

"Babu, Malam."

"Akwai mai gadi a Ikko?"

"Babu."

"Akwai cindo?"

Ta girgiza kai.

"To ashe littahin bai yi ma ɗiyata komi ba. Ke kinka yi."

"Wallahi ban san sunanta ba, Malam, ban ambaci suna ba. So nike matan su yarda da labarin, shi ke nan. In na karanta yadda anka rubuta sai su ce ƙarya ce."

"Sun kuwa yarda," in ji Malam. "Batun suna kuma, a mazhabarmu wanda ya yi nuni har kowa ya gane, daidai yake da wanda ya kira suna. Alƙali ya san wannan."

Lado ya fara magiya, Malam ya ɗaga masa hannu.

"Ba ni kunka ɓata ba, ba kuma ni ke yahewa ba. Haƙƙin mai shi ne. Muddin magana ba ta kai gaban alƙali ba, tana iya bari. In ta kai, ko ni ban iya janye ta. Shiga, tana ciki."

Sa'adiya na zaune gindin rumbu tana tsinar wake, cikinta ya fito sosai, fuskarta ta faɗa. Ta ɗago ta dubi Ummu har sai da ta gane ta.

"Ke ce ta wurin sunan Zurmi. Har na ba ki ruwa da kohina."

Ummu ta zube a gabanta tana neman gafara da duk kalmar da ta zo bakinta. Sa'adiya ta bar ta ta gama.

"An ce muryata kinka yi. Yi in ji."

"Don girman Allah, ƙanwata..."

"Yi in ji, Yaya. Kowa ya ji ni a bakinki ban da ni."

Ummu ta rufe ido, ta nemo dishi-dishin nan: "Ni dai ban sani ba hwa, amma ko warin jikinshi ya hwara barin rigar ga."

Da ta buɗe ido, Sa'adiya ta daina tsinar wake.

"Wa ya hwaɗa miki zancen riga?"

"Ba kowa. Ni na ƙaga shi."

"Tana nan rataye a ɗakina. Ƙanwar mijina ta taɓa iske ni da ita a huska, ta yi ta ba'a. Da labarinki ya zo, ita ta hwara cewa in na riga gaskiya ne, sauran ma gaskiya ne." Ta shafa cikinta. "Kin ga da ƙarya zalla kinka yi, da ba wanda ya kula."

Ummu ta ji ƙirgan nan ya fara a kanta. Ta ce, "Zan bi gida-gida in rantse da Alƙur'ani ƙarya ce."

"Baba ya hau mumbari ya hwaɗa, ba su ji ba, ke za su ji? Sai su ce an biya ki." Sa'adiya ta dubi katangar maƙwabta, sannan ta ce, "An ce sau ɗaya kike jin mutum ki ɗauke shi. Haka ne?"

"Haka ne."

"To zauna. Ki yi shiru, ki saurara."

Ta yunƙura ta leƙa katanga ta ce ga matar Ƙaura ta zo, mai son gani ta shigo. Ba a jima ba tsakar gidan ya cika da matan unguwa. A gabansu akwai wata ƙatuwa mai suna Mairama, mai muryar ganga, wadda tun daga ƙofa take magana.

"Ina take? Wagga? Ayyururi! To ni dai tun hwarko cewa na yi, ramin ƙarya ƙurarre ne, amma kuma hayaƙi ba ya tashi banza, ehe! Baiwar Allah, hwaɗa muna tsakani da Allah, wa ya ba ki labarin?"

Sauran suka sa baki, kowace da tata. Sa'adiya ta bar su suka yi ta zuba, sannan ta dubi Ummu.

"Mayar musu."

Ummu ta gane abin da ake nema, ta kuma gane kalma ɗaya ta kuskure za ta zama ƙazafi kan ƙazafi. Ta zaɓi abin da ba zai kai kowa gaban alƙali ba. Ta cika ƙirji, sai muryar ganga ta fito daga siririn wuyanta, da gurnaninta da komai:

"Ayyururi! To ni dai Mairama tsakani da Allah, jiya na zuba ma maigida barkono har ya yi hawaye, na ce mai albasa ce, ehe!"

Aka fashe da dariya, har wata ta faɗi kan tabarma. Ummu ba ta tsaya ba. Ta juya ga wata mai in'ina ta ba ta maganar da ba ta taɓa yi ba, da in'inar daidai inda take kama ta. Ta koma kan wata tsohuwa mai shan iska ta wushirya, ta sa ta yabon miyar surukarta. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, duk wadda ta buɗe baki tun shigowarta. Dariyar ta riƙa raguwa. Wadda aka yi tata sai ta kama bakinta, wadda ba a kai gare ta ba ta ja baya.

"A'uzu billahi," in ji Mairama, a karo na farko da ƙaramar murya. "Ni ban ce haka ba. Wallahi ban zuba mai barkono ba."

"Mun ji da kunnenmu, Mairama," in ji Sa'adiya. "Muryarki ce. Hayaƙi ba ya tashi banza."

Ba wadda ta amsa. Har kukan kaji a bayan rumbu ana ji. Sa'adiya ta jingina da bango ta lumshe ido.

"Kin ji shirun ga, Yaya? Tun hwarkon damina nike neman shi."

Ummu dai na durƙushe, don har yanzu ba a ce mata komai ba. Sa'adiya ta dafa ƙasa ta tashi, ta taka a hankali zuwa bakin zaure, ta tsaya daga bayan asabari.

"Baba."

"Na'am."

"Na bar ta. Kada a kai."

"Har ga Allah, Sa'adiya?"



"Har ga alƙali dai, Baba. Na Allah sai na sauka lahiya, mai rigar ya zo ya yanka ragonshi da hannunshi. Sannan in gani."

Ummu ta miƙe. Ta yi wa Sa'adiya godiya da 'yar muryarta ta ainihi. Matan suka dare mata hanya, wasu na janye 'ya'yansu jikinsu. A bakin ƙofa ta juya ta ce, "To, na tahi. Allah shi ba mu alheri."

Mata sun fi ashirin a tsakar gidan. Ba wadda ta yarda ta ce amin a gabanta, sai hannu kawai suka ɗaga mata.